Bikon Inna Hajo a Bakin Igiya

Tsibiri

Ana sallame sallar asuba na tarar da Kawu Idi a ƙofar gida cikin babbar rigar sallarsa. Jibiya za mu, cikin Nijeriya, bikon matarsa Inna Hajo. Ta yi yaji ne saboda ya yanka tunkiyarta ya ciyar da taron jam'iyya, ɗan takarar kuma ya faɗi. Ni aka zaɓa rakiya, domin a wannan shekarar lakwal, wato makarantarmu, a rufe take, mu malamai muna yajin aiki. Ta aiko cewa in Juma'a ta wuce bai zo da ƙafarsa ba, ya aika mata da kayan ɗakinta. Ranar kuwa Juma'a ce.

Maraɗi

A tasha, muna shan shayi, Kawu ya sanar da ni cewa katinsa na ɗan ƙasa ya daɗe da mutuwa, masu sabuntawa kuma su ma suna yajin aiki.

"To yaya za mu ƙetare?"

"Mushe," in ji shi, haka ake kiran malamin lakwal a wurinmu, "karatu ya rage maka dabara. Ni Bakatsine ne mai komawa gida. Wa ke tambayar mai gida takarda?"

Muka shiga wata tsohuwar Pijo wadda ƙofarta ke rufuwa da igiya. Direba ya ce ba ta taɓa yin haɗari ba. Da ta tashi na gane dalili: ba ta da saurin da za ta yi shi.

Jiratawa

Albasa kore shar dama da hagu, jandarma a tsakiya. Ya san Kawu, har ya tambayi labarin tunkiya. Daga nan Kawu ya fara bita. Ya cusa takardun sefa cikin hula, ya haddace sunan wata unguwa ta Katsina, ya ce in na ji ya ce lakwal maimakon makaranta in taka masa ƙafa. Kafin mu kai garin Ɗan Isa na taka shi har ya cire takalmin.

Iyaka

Jami'an ƙasarmu suka bar mu muka wuce. A wancan gefen igiya ce a giciye, da wani jami'i mai fara'a, irin fara'ar da ba ta kwantar wa matafiyi hankali.

"Baba, ina aka fito?"

"Gida za ni. Katsina."

"Madalla. Naɗe hannun riga."

Abin da Kawu bai sani ba, ni ma ban karanta a kowane littafi ba: allurar lamba ta jarirai, mu a damtsen ƙasa ake yi mana, su a sama kusa da kafaɗa. Kawu ya naɗe. Ga tabo nan ƙasa da gwiwar hannu, kamar hatimi.

"Ƙunar toka ce," in ji Kawu.

"Ikon Allah. Tun safe mutanenku ke faɗa wa tokar nan, kuma duk wuri ɗaya take kamawa."

Aka ba shi benci. Ni da takarduna ke raye na hau kabu-kabu zuwa cikin Jibiya.

Jibiya

Inna tana tankaɗe a gidan wanta.

"Ina shi?"

"Yana iyaka, Inna. Ya ce shi Bakatsine ne."

Ta ajiye rariya ta ɗauki mayafi. "Wannan ba labarin da zan ji a bakin wani ba ne."

Iyaka kuma

Ana shirin tafiya masallaci muka iso. Jami'in ya nuna mata benci.

"Hajiya, kin san wannan bawan Allah? Ya ce namu ne."

"Naku? A Tsibiri aka binne cibiyarsa. Ko kuɗinku bai iya ganewa."

Kawu ya matso bakin igiya ya sassauta murya. "Hajo, ga ni na zo."

"Nan ba gidanmu ba ne. Cewa na yi ka zo da ƙafarka."

"Hukuma ce ta riƙe ƙafar."

Jami'in ya yi nazari. Ya ce mutum ba ya wucewa ba takarda, amma bai taɓa ganin doka a kan ƙafa ɗaya ba. Kawu ya tattare babbar riga, ya zura ƙafar dama ƙarƙashin igiya, ya taka Nijeriya. A haka, rabi a gida rabi a waje, gaban direbobi da masu tallan rake, ya ba da haƙuri.

"Ban ji ba," in ji Inna.

Ya maimaita da ƙarfi.

"Tunkiyar fa?"

"Zan saya."

"Mai ciki."

"Mai ciki."

"Jam'iyya kuma?"

Nan ya gyara tsayuwa. "Ta ci wake, na bar ta," ya ce.

Inna ta ɗaga igiya da kanta ta ƙetaro.

Gida

Ta zauna gaba kusa da direba, ni da Kawu baya tare da buhunan garin kwaki. La'asar sakaliya muka shiga Tsibiri lafiya, muna godiya ga Allah da kuma jami'in nan. Maƙwabta suka taru suna tambayar Kawu yaya ya ga Nijeriya. Ya ce ƙasar akwai zafi, amma bai shiga ciki sosai ba.