Katin da ake kifewa

Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma na taɓa koyar da kwamfuta, kuma ina so a riƙa tuna wa jikokina wannan duk ranar da suka yi wa Turancina dariya.

Lokacin muna zaune a wani bene kusa da titin Wendover a birnin Greensboro, can ƙasar waje, ina aikin naɗe kwali a sito. Babbar 'yata tana karatun injiniya, aka ba ta aikin koya wa kwamfuta gane ciwon famfon rijiyar mai. Ni kuwa na daɗe a saharar Libiya ina kula da irin famfunan nan masu sunkuyawa su ɗago, kamar suna gaida wanda ba ya wurin. Ana ɗaura wa sandar famfon wani ɗan inji mai alƙalami, ya zana hawanta da saukarta a kan kati. A zanen ake gane cutar.

Wata Lahadi bayan azahar ta zube mini katuna a teburin cin abinci, wani kamfani ne ya aiko su daga wata jiha mai nisa. Ta ce in raba su kashi-kashi, kowane kashi da sunansa. Na ce sai ta fara kirana Farfesa. Lafiyayyen famfo zanensa kamar bulo. Wanda iskar gas ta shiga, kamar burodin da aka gutsira a kusurwa. Mai yoyo kuwa ƙwan zabo muke ce masa. Tana rubutawa tana dariya.

Sai hannuna ya kife wani kati tun idona bai gama ganinsa ba.

Ta buɗe ta duba. Bulo ne sumul, sai 'yar rawa guda uku a saman dama, kamar mai zanen ya ji sanyi. Ta ce kwamfuta ma cikin masu lafiya ta sa shi. Na ce mata sau biyu na ga wannan zanen. Na farko ba mu tsayar da famfon ba, sandar ta tsinke, wani mutumin Agadas da muke cin kwano ɗaya yana ƙasa yana shafa gris. Tun daga ranar ba wanda ya raɗa wa zanen suna. Kifewa ake yi, a kashe inji, kowa ya ja baya.

Ta ce kwamfuta ba ta karɓar abin da ba shi da suna, kuma ita ɗaliba ce kawai.

"Baba, me zan ce musu? Hannun babana ya ƙi?"

"Ki ce musu akwai mai shafa wa wannan famfon gris. Ki tambaye su ko yana da 'ya'ya."

Ranar Litinin ta kai wa malaminta maganar, shi kuma ya aika wa kamfanin. Kwana huɗu shiru. Ina naɗe kwali, ina jin famfon yana sunkuyawa a bayan ƙeyata, alhali duk Greensboro ba rijiyar mai ko ɗaya. Ban san fuskar mai shafa masa gris ba, amma har hula na sa masa.

Ran Juma'a amsa ta zo. Sun tsayar, sun zaro sandar, sun tarar ta tsage, abin da ya riƙe ta bai fi kaurin farce ba.

'Yata ta ba zanen lamba a madadin suna. Kwamfutar, da yake ɗaliba ce mai zumuɗi, ta tono wani irinsa cikin tsofaffin katunan. Aka tambayi labarin waccan rijiyar, suka ce an rufe ta, ba su ƙara komai ba.

Katin waccan rijiyar yana wurina, a kife cikin durowa. Sau biyu na tarar da shi yana kallon sama. Matata Hajiya ta ce tsufa ne. Na yarda, don ta fi ni da aji ɗaya. Amma dai na ɗora masa dutsen guga.