Kira Uku da Na Yi wa Habibu

Ranar Laraba ce, tsakiyar kaka, gab da azahar. Ina tsaye a ƙofar gidana a Ajingi cikin babbar riga, ina duba agogo ina mita. Sai wani ɗan acaɓa ya tsaya, ya kashe mashin, ya durƙusa kafin ya yi magana.

"Malam, sai haƙuri. Habibu ne. Ya kauce wa mota a titin Gaya, ya bugi dutsen shanya."

Na daɗe ina faɗa da shanyar nan. Duk kaka mutanenmu sai su baza gyaɗa a gefen kwalta don ta fi saurin bushewa, su jera duwatsu kewaye da ita kada mota ta taka. Tun ina hedimasta nake rubuta takardu a kai, da Turancin da na sha bulala kafin na iya, ina kaiwa ofisoshin da yaran da na koyar suke zaune. Su miƙe su gaishe ni, su jefa takardar a durowa. Shi ya sa, Allah ya yafe mini, abin da ya fara zuwa raina shi ne: ai na faɗa.

Habibu ɗalibina ne, bai yi nisa a karatu ba. Cikin waɗanda suka bi ta hannuna akwai masu manyan kujeru, amma shi kaɗai ya san gwiwata tana ciwo. In zai ɗauke ni, sai ya kawo mashin jikin dakali don kada in ɗaga ƙafa. A tasha abokan sana'arsa sukan tsokane shi: "Habibu, sauka ka tura mana, za ka fi sauri." Ya yi dariya ya ce, "Ni dai in kai mutum gida da takalminsa biyu." In muna tafe na fara zagin ƙasar nan da masu riƙe da ita, ba ya musu, ba ya tayawa. Sai in na yi nisa ya ce, "Malam, riƙe hularka, akwai rami."

A wajen zaman makoki magana ta rabu. Dattawa suna cewa yaran yanzu ba su da aiki sai gudu. 'Yan acaɓa kuwa Malam Ya'u suka sa a gaba, tsohon da gyaɗar tasa ce, wanda ya zo ya zauna a ƙarshen tabarma bai iya ɗaga kai ba. Shugaban 'yan acaɓar ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, kai ka san biro. Rubuta mana ƙara mu kai shi." Takardar da na daɗe ina jiran wani ya roƙe ni ke nan.

Kafin in amsa aka ce mahaifiyar Habibu tana son ganina a zaure. Ta ce, "Malam, kai ka san shi tun yana ƙarami. Suna ta cewa gudu yake yi. Ɗana mai gudu ne?"

Abin da na gaya mata shi zan gaya muku. Gudu yake yi, waɗanda suka gani ba su yi ƙarya ba. Da safiyar ranar aka sanar da ni rasuwar Isa a Gaya, na ƙarshe cikin waɗanda muka yi kwalejin horon malamai tare, jana'iza bayan azahar. Kun san ba ma jinkirta gawa don wanda yake hanya. Habibu ya kai wata mata ƙauye. Na kira shi sau uku. A na ukun na ce, "Kai ma ka zama irin sauran ɗaliban nawa? Sai ranar tawa jana'izar za ka zo?" Ya ce, "A yi haƙuri, Malam, ga ni nan. In sha Allahu za ka samu sallar."

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "To ai wajenka ya nufa, Malam. Ba wajen banza ba."

Ban rubuta ƙarar ba. Har gobe ina cewa a daina shanya a titi, amma ba zan yarda a ɗora wa Malam Ya'u kayan da rabinsa nawa ne ba, kuma kada wanda ya ƙara kiran Habibu mai ganganci a gabana.

Allah ya jiƙan Habibu, ya yalwata kabarinsa, ya tausasa masa kamar yadda ya tausasa wa tsofaffi. Allah ya ba mahaifiyarsa da matarsa juriya, ya raya abin da ya bari. Ni kuma ku roƙa mini gafara.

Jana'izar Gaya ban same ta ba. Ta Habibu na samu, bayan la'asar, a sahun gaba. Ya bar uwa, da mata, da 'ya'ya uku.