Kawu Ba Ya Zubar da Komai

A ofishinmu kowa Kawu yake ce masa, har Manaja da ya girme shi. Shi ne babban mai rubuta manhaja a ɗan kamfanin da ya ɗauke ni aikin gwaji bayan na gama jami'a. Manhajar ajiye bayanan marasa lafiya muke yi wa ƙananan asibitoci. Teburinsa yana lungu, a ƙarƙashinsa akwai kwali cike da matattun cajoji da wayoyin da ba sa shiga komai yanzu. In mai shara ta kai hannu sai ya ce, "Bari, Iya, wata rana." Ni kuma Digiri yake kirana, don ranar farko na faɗi abin da na karanta ba a tambaye ni ba.

An ce yana saurayi ya yi aiki a wani ɗakin gwajin jini. Wani abokin aikinsa ya yi kuskure ya goge sakamakon mutane rututu, Kawu aka sa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana roƙo su dawo a sake ɗibar jini. Tun daga nan ya tsani kalmar a goge.

Manhajarmu ba ta magana da rumbun bayanai kai tsaye. Akwai wani tsari a tsakani, mai karɓar abin da muka rubuta ya mayar da shi umarnin da rumbun ke ganewa. A nan Kawu ya kafa abin da yake kira shinge. Duk umarnin da zai wuce sai shingen ya tare shi. In ka ce a goge, sai ya juya umarnin ya zama a ɓoye. In ka nemi bayani, sai ya tace waɗanda aka ɓoye. Kai a allonka ka ga babu, alhali abu yana nan. Bai rubuta wannan a ko'ina ba. Wai duk wanda ya daɗe ya sani.

Ni ban daɗe ba.

Wata nas ta kira daga ɗaya daga cikin asibitocin. Wani jariri ya rasu, amma saƙon tunatar da allurar rigakafi bai daina zuwa wa iyayensa ba. Manaja ya ce in goge sunan. Na goge, na nema, babu. Ni da kaina na kira uban yaron, na yi masa ta'aziyya, na ce an cire. Ya yi mini godiya har na ji kunya.

Da ranar allura ta gaba ta matso, sai ga uban yaron a ofis. Tela ne, da guntayen zare a hannun rigarsa. Bai zauna ba. Ya ajiye waya a gabana, saƙon a buɗe, da sunan yaron a ciki.

"Ke ce kika kira ni?"

Na ce ni ce.

"Wayar uwarsa ce. Karɓewa na yi daga hannunta. Malama, me muka yi muku?"

Na sake nema a gabansa, babu sunan. Na juya masa allon kamar hakan zai yi masa wani amfani. Ya ce shi bai iya karatun kwamfuta ba, a cire sunan ɗansa kawai. Ya ɗauki wayar ya fita.

Kawu bai daɗe yana dubawa ba ya gano. Ɓangaren da ke aika saƙo wani ɗan kwangila ne ya rubuta shi tun da can, ya zagaye shingen, yana karanta rumbun kai tsaye. A wurinsa yaron yana raye.

"Kin gani ko," in ji Kawu. "Shinge bai yi laifi ba. Mai tsallakewa ne."

"Kawu, na ce wa mutumin nan na goge."

"Ai kin goge. A wajenki."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Kin tambaya? Ko ba a koyar da tambaya a jami'ar taku?"

Ya yi dariyarsa shi kaɗai, ya ga ban taya shi ba, ya koma kan allo. Kafin a tashi ya gyara mai aika saƙon ya bi ta shingen. Aiki mai kyau, ba zan hana shi ba. Ya ce shi ke nan, ba za su ƙara samun komai ba.

Na ce ba abin da mutumin ya roƙa ba ke nan. Cewa ya yi a cire.

"'Yata, in gobe asibiti ta nema fa?"

"Asibiti tana da fayil ɗinta. Nas ɗin ce ta ce a goge. Manaja ya ce a goge. Uban ya ce. Kai kaɗai ne."

"To ai ni kaɗai na taɓa gani."

Muka yi ta ja. Na san har yanzu a lokacin gwaji nake, na san kalmarsa ɗaya za ta iya mayar da ni gida. Amma na ce ba zan sake kiran mutumin nan da magana mai rabi ba. Kawu ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen riga. Sannan ya buɗe rumbun da mabuɗinsa, ya rubuta umarnin, ya tura kujerarsa baya.

"Ni ba zan danna ba."

Ya ɗauki kofinsa ya fita baranda. Na danna. Na leƙa rumbun kai tsaye, na sake leƙawa. Babu.

Na kira telan. Ina jin ƙarar keken ɗinki a bayansa, ta tsaya. Na ce yanzu an cire da gaske, har can ciki, na gani da idona.

"Haka kika ce wancan karon," ya ce, ya kashe wayar.