Yadda Na Tsare Baba a Gida Lokacin Korona

Shekarar da korona ta shigo, ina koyarwa a wata firamare a Sabon Tasha. Da aka rufe makarantu aka sa dokar kulle, sai na tattara 'yan kayana na koma gidanmu a Kakuri. Yayyena biyu suna nesa, kuma kowannensu ya kira ni ya ɗora mini aiki iri ɗaya: kada in bar tsohon nan ya fita. Su dai sun faɗa sun kashe waya, ni aka bari da shi.

Baba ya daɗe yana aiki a masaƙa kafin a rufe ta. Ya fito daga can da hawan jini, da kunnen da ƙarar injuna ta cinye rabinsa, da aboki guda da muke kira Malam. Mu Kirista ne daga kudancin jihar, Malam Musulmi ne mutumin Zariya, amma layi ɗaya suka yi aiki, kuma shi ma kunnensa sai a hankali. Kullum bayan karin kumallo Baba yakan tafi gindin wani mangwaro inda tsofaffin ma'aikata ke buga dara da murafun kwalba, suna zolayar juna har rana ta take. Da doka ta zo, ba su fasa ba. Bencinsu kawai suka ja zuwa bayan wani shagon walda da ke rufe, inda ba a hango su daga titi.

Na fara da lallashi. Na zaunar da shi na yi masa bayanin tari da numfashi da yadda cutar ta fi tsananta wa masu shekaru. Ya saurare ni da kunnen da ba ya ji, yana gyaɗa kai. Da na gama ya ce, "Kin yi ƙoƙari, malama," ya ɗauki hularsa ya fita.

Da na bincika yadda yake wuce jami'an tsaro, sai na tarar da wani tsohon kwalin magani a aljihunsa, babu ko ƙwaya ɗaya a ciki. Duk wanda ya tare shi sai ya zaro kwalin, ya karya murya, ya ce kemis za shi. Na jefa kwalin a murhu. Washegari ya ɗauki kwalin maganin ciwon gwiwar Mama. Na ɓoye takalmansa duka a bayan buhun masara. Ya zura silifas ɗin Mama, wani mai fure a kai, rabin diddigensa a ƙasa, ya tafi abinsa yana taku kamar agwagwa.

Mama ba ta shiga tsakaninmu ba. Tana tankaɗe gari take cewa, "Ke da ubanki, kar ta san kar ne. Ni dai a dawo mini da takalmina."

Daga nan na yi shawarar da har yau in na tuna nake jin kunya kaɗan. Baba yana da haƙoran roba huɗu na gaba, waɗanda yake jiƙawa a kofi kafin ya kwanta. Mutum ne mai ji da kansa. Ko fasto ne ya zo gaishe shi da sassafe, sai ya jira a waje har Baba ya sa haƙoransa. Na tashi kafin kowa, na ɗauke kofin, na ɗora can saman kabad. Na ce yau dai na gama da shi.

Ya nema ƙarƙashin gado, ya nema bayan rediyo, ya tuhumi kyanwa. Ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, fuskata kamar ta mai azumi. Can sai na ji shiru. Jim kaɗan ya fito tsaf da shi, sanye da takunkumin atamfa da na ɗinka masa tun makon farko, wanda ya rantse ba zai sa ba domin shi ba jaki ba ne. Ya tsaya a gabana, idanunsa suna ƙyalli, ya yi magana iska na fita ta gurbin haƙoran.

"Ashe abin nan naku yana da amfani."

Ya fice. Mama ta yi dariya har ta zauna a kan faifai. Ni kuwa na lallashi kaina da cewa ko ba komai yau ya rufe hanci da baki.

Abin da dabarata ta kasa yi, wani labari ne ya yi shi. Ɗaya daga cikin 'yan gindin mangwaron, tsohon direban masaƙa, ya kwanta da zazzaɓi da sarƙewar numfashi. Mota ta zo da mutane cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, suka tafi da shi. Bai dawo ba. Aka binne shi ba tare da ko ɗaya daga cikin abokansa ya raka shi ba. Ranar da muka ji, Baba ya rataye hularsa a ƙusa, bai sake taɓa ta ba.

Muka yi mako biyu muna sauraron jikinmu. Kowa da kofinsa da cokalinsa, bokitin ruwa da sabulu a bakin ƙofa, tagogi a buɗe. Wanda ya yi atishawa sai sauran su zuba masa ido. Allah ya taimaka, babu wanda ya kamu. Amma Baba ya zama wani mutum. Yakan zauna a kujerarsa tun safe, rediyo na ta lissafa masu cutar, shi kuma yana kallon bango. Tuwon da yake cinye malmala biyu, yanzu sai ya gutsuri gefe ya ture. Ya daina yi mini gardama a kan gishiri. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Wata rana Mama ta same ni a kicin ta ce, "To, kin samu abin da kike so, ga shi a gida. Amma ba tari kaɗai ke kashe tsoho ba."

Na kashe rediyon nan, na ce sau ɗaya a rana ya isa. Na kira masa Malam a waya. Kurame biyu a layi ɗaya! Wannan ya ce "Eh?", wancan ya ce "Me ka ce?", har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Baba ya miƙo mini wayar ransa a ɓace.

Sai wata dabara ta zo mini. Na ɗauko allon dararsa, na rubuta lamba a kowane gida da biro. Na ce masa zai buga nasa, in tura wa 'yar Malam lambar ta saƙon waya, ita kuma ta turo mini abin da mahaifinta ya buga. Baba ya dubi allon, ya gyara zama, ya ce a kawo murafun. Karo na farko ke nan cikin kwanaki da na ga ya nemi wani abu.

Na shiga ɗaki na kira gidan Malam. 'Yarsa ta kai masa saƙon, ta dawo ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Ya ce shi ba ya dara da mutumin da ba ya ganin idonsa."

Na leƙo ta labule. Baba ya riga ya jera 'ya'yan dara, har ya goge allon da gefen rigarsa. Sai na fito na zauna a gabansa da waya a hannu.

"Malam ya ce ka fara, wai ya ba ka wannan sadaka."

"Haka ya ce?" Baba ya murmusa. "Zai gani."

Haka na zama Malam. Baba ya tura, in duƙufa kan waya ina danne-danne, in jira kaɗan, sannan in ce ga amsa ta zo, in tura duk wanda ya yi mini kyau a ido. Ban iya dara ba, abin da na sani kawai shi ne ana tsallake ɗa a cinye. Don kada asiri ya tonu, sai na riƙa haɗawa da zolaya irin tasu.

"Malam ya ce hannunka ya yi sanyi kamar tuwon jiya."

"Ki ce masa tuwon jiyan ne zai shaƙe shi!"

"Ya ce wai da silifas ɗin mata ka zo majalisa, kada ka ɗaga masa murya."

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin aikin nan. Duk abin da na daɗe ina son faɗa wa mahaifina ban samu fuska ba, na faɗe shi da bakin Malam, shi kuma yana ta ƙyaƙyata dariya yana dukan cinya. Ya cinye wasan farko, ya nemi abinci. Ya cinye na biyu, ya nemi ƙari. Mama ta gane tun ranar farko, domin ta ga wayar a kashe take, amma ta ja bakinta ta ƙara masa miya.

Kwana huɗu muna haka. A rana ta biyar, muna tsakiyar wasa, na tura wani ɗa daga layin baya. Baba bai ci ba, ko da yake na buɗe masa hanya. Ya daɗe yana kallon allon. Sai ya miƙe ya nufi ƙusar da hularsa take.

"Baba, ina za ka?"

"Gidan Malam. Shekara talatin ina dara da mutumin nan, bai taɓa buɗe bayansa haka ba. Sau tara a jere ina cinye shi. Ba lafiya ba. Ciwon nan ya kama shi, ɓoye mini suke yi."

Ya zaro babbar rigarsa ya fara zura hannu. Na ga idan na ƙara minti ɗaya, jininsa zai hau a kan ƙaryata. Na durƙusa.

"Baba, Malam lafiyarsa ƙalau. Ni ce nake bugawa. Ya ƙi yarda tun ranar farko."

Ya tsaya da hannu ɗaya a cikin riga. Ya juyo mini da kunnen da ke ji.

"Ke ce?"

"Ni ce."

"To zagin fa?"

Na sunkuyar da kai.

"Har da na tuwon jiya?"

"Har da shi, Baba."

Mama ta tuna tana da tukunya a wuta, ta ɓace. Na jira tsawa. Sai na ji wani sauti kamar tayar keke na sacewa, ashe dariya ce yake dannewa. Ta ƙwace masa, ya yi ta yi har ta zama tari. Mama ta fito a guje da ludayi a hannu, ni da ita muka daskare. Ya ɗaga mana hannu yana share hawaye.

"Ku kwantar da hankalinku, wannan na dariya ne."

Hukuncin da ya yanke shi ne sai ya ga Malam da idonsa. Ni kuma na kafa nawa sharaɗin: ranar da aka ba da izinin fita cefane, da sassafe kafin jama'a su cika hanya, da takunkumi, babu musabaha, babu zama, kuma ƙafata ƙafarsa. Ya ce ya ji, da kunnen kirki.

Muka taka a ƙasa, muka wuce katangar tsohuwar masaƙa da ciyawa ta cinye. Malam ya fito ƙofar gidansa, mu kuma muka tsaya a tsallaken titi. Ina tunanin yadda za a yi da ihu, sai na ga Baba ya ɗaga hannu ya shafi ƙirji ya juya tafi sama. Malam ya dunƙule hannu ya girgiza, ya nuna sama. Ashe a cikin masaƙa, inda ko tsawa ba a ji, da hannu suke magana. Ban taɓa sani ba. Suka yi ta yi, hannuwa na tashi suna sauka, kafaɗu na rawa don dariya, mai keke-napep ya rage gudu yana kallonsu. A wani wuri duka biyun suka sauke hannu, na san direban suka tuna.

Sai Baba ya nuna ni, ya ɗaga yatsu tara. Malam ya dafe kai da hannu biyu. A nan ne kawai ya yi amfani da murya, kuma duk layin sun ji.

"'Yar nan! Sau tara? Da sunana?"

"Ka yi haƙuri, Malam!"

"Me ta ce?"

Tun daga ranar, duk safiyar da aka yarda a fita, sai mu yi wannan tattaki. Cin abincin Baba ya dawo, gardamar gishiri ma ta dawo. Ni ma, da na yi makonni ina juyi a kan gado ina faɗa da kowa, sai na ga barci ya fara zuwar mini da wuri.

A zuwanmu na uku Malam ya ƙirƙiro mini alama tawa. Da ya hango ni sai ya murza yatsu biyu a iska, ya yarfar kamar ya taɓa abu mai zafi. Na tambayi Baba ma'anarta a hanyar komawa, ya ce gaisuwa ce ta girmamawa. Mama ce ta gaya mini gaskiya: haka suke nuna sabon ma'aikacin da ya cukurkuɗa zare ya ɓata yadi guda. Har yau, in muka haɗu da Malam a kasuwar Kakuri na rusuna na gaishe shi, sai ya yi mini ita tukuna kafin ya amsa.