Ba Za a Sa Bindiga a Majanyina Ba

Assalamu alaikum Edita. A yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba, a ƙaramar sakandare na tsaya. Lokacin da abin nan ya faru ni yarinya ce da aka ɗauko daga ƙauye aka kawo Doha, ban san kowa ba sai mijina. Kuma matsoraciya ce ni, ko ƙofa iska ta buga sai gabana ya faɗi. Mijin nawa shugaban masu gadi ne a wani dogon bene a West Bay, muna zaune a Al Wukair, a wani ɓangare da aka yanka daga babban gida. Mutumin kirki ne. Na faɗi wannan tun farko don kada a ce tona masa asiri na zo yi.

Ana cikin kullen korona, ina da ƙaramin ciki, aka kira shi daga gida aka ce 'yan bindiga sun tare hanyar garinmu sun tafi da yayansa. Ba jirgi, ba halin tafiya, sai dai ya riƙe waya yana zagaye ɗaki. Allah ya kuɓutar da yayan bayan wahala, amma ya dawo da ƙafa ɗaya ba ta taku sosai. Daga nan mijina ya canza. Mutumin da ba ya wuce ƙwallo ya koma kallon bidiyon Turawa masu gwada ƙananan bindigogi, irin waɗanda ake ɓoyewa a jiki. Na haihu, 'yata ta yi wayo, ta fara rarrafe, kullum da ƙarar harbin nan a kunnenta tana fita daga wayar babanta.

Da aka sassauta kulle, abokansa biyu suka riƙa zuwa ran Juma'a bayan masallaci, wani direba da wani injiniya ɗan garinsu. Ina kicin ina dafa musu shayi ina jin komai. Akwai wata 'yar ƙaramar bindiga da mijina ya ƙwallafa rai a kanta. Yakan ce ba ta da nauyi, tafin hannu ma ya rufe ta, a aljihun kaftani ba wanda zai gane, kuma wai ba ta cijewa. Direban ya mara masa baya, ya ce ai ko kwalbar turare ta fi ta girma, a sa masa guda a lissafi. Injiniyan ne mai gardama. Ya ce ƙanƙantar nan ita ce aibinta, tana zillo a hannu, harsashinta kaɗan ne, kuma wanda bai saba ba ko tunkiya a ɗaure ba zai samu ba. Sai su yi masa dariya su ce Malam Injiniya tsoro ne kawai, ya sha sanyin ofis ya yi laushi. Ni ba wanda ya tambaye ni. Amma ina kai tire ina leƙen wayar, kuma ina da ido. Na ga wani bidiyo da mai harbin ya danna ta ƙi tashi, ya bubbuga ta, ya yi dariya, aka yanke wurin. Na kuma lura duk cikinsu takarda suke harbi, takarda kuwa ba ta zuwa a kan babura da yawa, ba ta kuma ramawa.

Da gasar cin kofin duniya ta matso, kamfaninsu ya hana kowa hutu sai an gama. Ya ce da zarar an tashi za mu je gida, iyayenmu su ga jikarsu. Na yi murna har da hawaye, don mahaifiyata a waya kawai ta san yarinyar. Sai ya zaunar da ni ya faɗa mini sauran. Ya ce a nan ko da wasa ba a taɓa irin wannan abu, amma a can akwai wanda zai samo masa, ba lasisi ba komai. Matsalar ita ce shingen bincike a hanya, inda ake sauke maza a lalube su. Amma ba jami'in da zai ɗaga hijabin mace mai goyo. Saboda haka ni zan riƙe ta, a soke a majanyi, daga birni har ƙauye. Ya ce don ni da yarinyar yake yi, ba zai zauna a tafi da mu yana kallo ba. Edita, na ce to. Ban saba ce masa a'a ba, kuma tsoron dajin nan ni ma yana cina.

Ya ce sai mun gwada ko za ta nuna. Ya ɗauko wata tsohuwar waya mai nauyi, ya ce kusan girmansu ɗaya, ya soke ta a majanyina ta gefe bayan na goya yarinyar, na zura hijabi. Ranar hutunsa muka shiga jirgin Metro zuwa unguwar Mushairib. Gari ya cika da baƙi, kowa da tutarsa, ana waƙa ana buga ganga, ma'aikata suna ta cewa yalla yalla, wato a yi sauri, suna nuna hanya. Ya ce in yi gaba, shi zai biyo ni a baya yana duba. Na hau matattakalar nan mai tafiya da kanta, ina riƙe da ƙarfe, sai na ji majanyin ya ɗan saki. Kafin in kai hannu, na ji wani abu mai sanyi ya dafa ƙeyata a ƙarƙashin hijabi. 'Yata ce. Ta laluba ta zaro wayar, ta kafa mini ita a wuya tana dannawa da 'yan yatsunta, tana dariya tana cewa alo.

Ban san yadda na sauka ba. Na samu bango na jingina. Ya iso yana murmushi, ya ce wallahi ko alama ba ta nuna ba. Na kwance goyon a gabansa, ga wayar a bakin yarinyar duk yawu. Na ce masa ya duba da kyau, wannan ita ce bindigar tasa da ba ta cijewa. Ya ce ai ta gaske tana da makulli, kuma za a ɗaure ta sosai. Na ce wadda ta zaro wannan ba ta san makulli ba, kuma ni bayana wurin goyo ne, ba rumbun makamai ba. Khalas, magana ta ƙare. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar, a tsakiyar mutane, har wata Balarabiya ta tsaya tana kallonmu.

Ya yi fushi sosai. Ya daina cin abincina na wani lokaci. Ya ce na raina shi, na fi son a kama mu kamar kaji. Na ce in an kama ni da ita a shinge, ni za a rufe, wa zai shayar da 'yarsa? In kuma mutanen daji suka same ta a jikina, yana ganin za su bar ni da rai? Ya ce in ba zan riƙe ba, to ba zai ɗauke mu ya bi hanyar nan hannu sake ba. Na ce na yarda, ya tafi shi kaɗai. Ya zaci zan sauko. Ban sauko ba. Aka gama gasa, ya haɗa jakarsa, na raka shi bakin ƙofa na yi masa addu'a. Na kira mahaifiyata na ce ba zan samu zuwa ba, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Na kashe waya na yi kuka har na gode Allah. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai, har yau yana ci.

Ya dawo lafiya da kilishi da daddawa. Ko ya sayi abin, ko bai saya ba, ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. Matar direban ta ce mini har yanzu suna tsokanarsa wai madam ta ƙwace masa makami tun bai riƙe ba. Su yi ta yi.

Nadamata ɗaya ce, to ɗin da na ce da farko. Na gane cewa mutum yana iya sonka da gaske, tsoro ya sa ya miƙa maka abin da zai hallaka ka. 'Yan uwana mata, ban ce ku raina mazajenku ba, ban kuma ce tsoron da suke ji ƙarya ne ba. Amma kunyar da ake ji wa hijabinmu a hanya amana ce, ba maɓoya ba. Duk wanda ya ce ki soke wani abu a inda ɗanki yake kwance, ko shi ya haife shi, ki dube shi ido cikin ido ki ce a'a, ko da muryarki tana rawa. Tawa ma rawa take yi ranar.