Littafin da Na Kai Bayan Iyakar Harami

Ni ban yi karatu ba, amma na san rubutu yana shiga jiki. Da shi aka raine mu: malam ya rubuta a allo, a wanke, a sha. Shi ya sa hankalina ya tashi ranar da ɗana na fari ya dawo daga Jidda da wani ɗan littafi a aljihu.

Bayan yaƙin Turawa ne, muna zaune a unguwar Misfala a Makka, ina sayar da gasasshiyar gyaɗa. Shi kuwa yana tafinta a tashar jiragen ruwa lokacin alhazai, can ya tsinci Turanci. Wani Banasare magatakarda ne ya ba shi littafin.

Na ce, "Mene ne a ciki?"

Ya ce, "Waƙoƙi ne, Inna. Wani masaninsu ya ce mutum da biri tushensu ɗaya, an tono ƙasusuwa a duwatsu. Mawaƙansu suka gaskata, imaninsu ya zube, shi ne suke kuka."

"Suna ambaton Allah?"

"Kusan kowane shafi. Nemansa suke, sun ce ba ya amsawa."

Na yi a'uzubillahi. Daga ranar na zama mai gadin alwalarsa. In an kira sallah sai in kasa kunne in ji ko buta ta motsa. Takan motsa, amma ya rage surutu, yakan zauna bayan la'asar ya ƙura wa dutse ido.

Na rasa yadda zan yi da littafin. In jefa a bola, da sunan Allah a ciki? In bar shi, alhali ko mai shi ba a yarda ya tako Makka ba? Sai na ce abin da ya hana Banasare shiga, ai ya hana kayansa.

Da ya fita wata safiya, na naɗe shi a tsumma ba tare da na taɓa shi da hannu ba. Na bi masu zuwa ɗaukar harama, na yi ta tafiya har Tan'im, inda Harami ya ƙare, rana na dukan kaina. Na wuce alamar iyaka da taku arba'in, na tona rami, na binne, na ɗora dutse. Na dawo ƙafafuna sun kumbura, zuciyata wasai.

Da yamma ya duba ya rasa. Ban ɓoye masa ba. Ya yi dariya har ya dafa bango.

"Ya ummi, kin kori baƙo marar takardar izini! Amma kin makara. Na haddace."

Ni ce na kai shi gaban malam yana ɗan shekara biyar, ni ce na yi ta alfahari cewa kansa ba ya zubar da abin da ya ɗauka.

Na ce, "To kai fa? Ka gaskata su?"

"Ina sallah, Inna."

"Ba sallah na tambaye ka ba."

Ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza gefen rigarsa. Sannan ya ce, "Ki sa ni a addu'a."

Ya rayu shekara talatin bayan haka, bai taɓa barin sahu ba. Ban sake tambayarsa ba, domin ina tsoron amsar. Yanzu yana kwance a maƙabartar Ma'ala, ni kuma ina nan ina yin abin da ya roƙe ni.