Atine Kambai, Mai Raka Masu Zaɓe a Greenbelt

Ƙarfe biyar saura na asuba Atine Kambai take tashi, ba agogo ke tashinta ba, gwiwoyinta ne. Ta ɗora ruwan shayi, ta karanta aya biyu a tsaye, ta zura fararen takalman aiki, ta sauko daga hawa na uku a rukunin gidajen haya na Greenbelt, wani gari kusa da Washington a Amurka. Daga nan ta tsallaka babban titi zuwa inda bas ke tsayawa, ta nufi Laurel, gidan kula da tsofaffi inda take aiki tun 1977. Wanka, canza zanin gado, ɗaga wanda ya fi ta nauyi, bai wa mai rawar hannu abinci da cokali. Ƙarfe uku take tashi daga aiki. Idan shekarar zaɓe ce, ba ta wucewa ɗakinta. Sai ta fito da takardun rajistar masu zaɓe daga jaka, ta fara hawa benayen mutane tana ƙwanƙwasa ƙofa har rana ta faɗi.

Ita kanta ba ta da ƙuri'a. 'Yar Kagoro ce, ta biyo mijinta Katung a 1975 lokacin da ya zo karatun injiniya. Ya rasu a 1980, ya bar ta da 'yarsu Pauline da katin izinin zama a ƙasar, ɗan koren nan. Ta baro gida sojoji na mulki, zaɓen 1979 da na 1983 duk a rediyo ta ji su. Da aka ba ta shawarar ta karɓi takardar zama 'yar ƙasa, sai ta ce tana tsoron a raba ta da fasfonta na gida alhali uwarta na raye. A nan maganar ta tsaya.

Abin ya faro ne daga wata maƙwabciyarta, Edna, tsohuwa baƙar fata 'yar Amurka da ke zaune a hawan ƙasa. A kudancin ƙasar aka haife ta, kuma sai da ta kusa shekara sittin kafin a bar ta ta jefa ƙuri'a karon farko. A 1981 mota ta buge ta a wannan babban titin, wanda ba shi da fitilar tsayar da motoci, ta karya mata ƙugu. Atine ce ke shiga tana gyara ta bayan ta dawo aiki. Ana saura kwana biyu zaɓen majalisar gari, Edna ta ce a nemo mata mota.

"Mama Edna, ko banɗaki ba ki iya zuwa," in ji Atine.

"'Yata, ban ce miki zan yi tafiya ba. Cewa na yi a kai ni."

Atine ta buga wa Auwalu waya, wani direban tasi ɗan Gwarzo da ke aiki a cikin Washington, shi ma ba ɗan ƙasa ba. Su biyu suka ɗauki tsohuwar a kan kujerar kicin har cikin mota. A wurin zaɓen Atine ta tsaya a bakin ƙofa kusan awa guda, ba ta ga fuska biyar daga gidajensu ba. A hanyar dawowa ta faɗa wa Edna. Tsohuwar ta nuna titin da haɓa, ta ce, "Shi ya sa babu fitila a nan. 'Yan takara inda ƙuri'a take suke zuwa. Mu ba su san muna nan ba."

Wannan magana ta zauna wa Atine. Kullum da asuba ita ma sai ta tsallaka titin nan da gudu, Pauline kuma ta tsallaka shi zuwa motar makaranta. Da zaɓen 1983 ya ƙarato, wata malamar makaranta mai ritaya, Constance, 'yar haya kamar su, ta fito takarar kansila da alkawarin fitila. Atine ta je ta same ta, ta ce ba ta da ƙuri'a amma tana da ƙafa.

Ba Amurkawa ne suka fi ba ta wahala ba, mu ne 'yan uwanta 'yan Najeriya. A coci a Lanham aka ja ta gefe aka ce ta rufa wa kanta asiri, baƙo ba ya shiga siyasar masu gari, za ta ja a ƙwace mata kati a kore ta da marainiya. Ta tsorata, kwana uku ba ta fita ba. A na huɗu ta ɗauki hutun rabin yini, ta je ofishin zaɓe da kanta ta tambayi abin da aka yarda wanda ba ɗan ƙasa ba ya yi. Suka gaya mata. Ta riƙe shi kamar karatu: ba ta jefa ƙuri'a, ba ta sa hannu a madadin kowa, ba ta faɗa wa kowa wanda zai zaɓa a bakin rumfa. Sauran kuwa duk ta yi.

Dakta Maitama, likitan yara wanda ya karɓi takardar ƙasa tun 1978, shi da bakinsa yake ba da labarin ranar da ta tare shi a wurin ajiye motoci.

"Ranka ya daɗe, ka yi rajista?"

"Haba, Maman Pauline. Zaɓen kansila? Ni da nake shirin komawa Kano?"

"Shekara nawa kana shirin?"

Ya yi dariya, ya ce goma sha biyu.

"To, kafin ka gama shirin, ga biro. Abin da nake nema ba ni da shi, kai kana da shi ka ajiye a durowa."

Ya ce bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. A kan bonet ɗin motarsa ya cika takardar.

Ranar zaɓe tasi huɗu Auwalu ya tattaro, biyu na 'yan Najeriya, ɗaya na wani ɗan Maraɗi, ɗaya na wani Bahaushen Kumasi. Babu mai ƙuri'a a cikinsu. Suka kashe mitar lissafin kuɗin mota tun safe, suna ta jigilar tsofaffi da masu jego. Duk da haka Constance ta faɗi, da ƙuri'un da ba su kai ashirin ba. Washegari Atine ta tsallaka titin da gudu kamar kullum, ta tafi aiki. Abokan aikinta sun ce ranar ko abinci ba ta ci ba.

Ta sake farawa a 1985, gwiwa ta riga ta fara kumbura. A lokacin idon Edna ya tafi gaba ɗaya, kuma an yarda makaho ya shiga da wanda ya zaɓa ya taimake shi. Suna cikin layi sai wani mutum, magoyin bayan wani ɗan takara, ya ji harshen Atine, ya ɗaga murya yana tambayar ko ita 'yar ƙasa ce, me ya kawo ta nan. Atine ta tuna duk gargaɗin da aka yi mata a coci.

"Ni ba 'yar ƙasa ba ce," ta ce. "Idonta ce ni."

Ma'aikaciyar zaɓen ta duba littafinta, ta ce su wuce. A bayan labule Atine ta karanta wa Edna sunaye ɗaya bayan ɗaya, tsohuwar tana faɗin wanda take so. Da aka zo jan ƙarfen na'urar da ke jefa ƙuri'ar, Atine ta kasa.

"Ja mana, 'yata," in ji Edna. "Hannun naki ne, maganar tawa ce."

Ta ja. Da suka fito ta zaunar da Edna a motar Auwalu, ta zaga bayan ginin ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta koma ɗauko wasu.

Constance ta ci a wannan karon. A taron godiya ta lissafa sunaye kusan talatin, babu na Atine, babu na direba ko ɗaya. Ba mugunta ba ce, mantuwa ce, daga baya ta aiko da kati. Fitilar ma ba ta zo da wuri ba: wasiƙu, zama, awon titi, wani zaman. Sai a 1987 aka kafa ta, bayan rasuwar Edna da wata bakwai. Wanda ya tambayi Atine ko ta ji daɗi, sai ta ce eh, ta ji.

Atine ta Katung, ke ce wadda kika hau benen da masu gidan ma suke ƙyuyar hawa. Ke ce aka rufe wa ƙofa a fuska, aka ce miki ki koma inda kika fito, kika dawo mako na gaba da wata takardar. Ba a taɓa buga sunanki a jarida ba, ba ki nemi kujera ba, kuma ko kin nema ba za a ba ki ba. Mun sha cewa mu baƙi ne, ba ruwanmu, alhali a nan muke biyan haraji, a nan 'ya'yanmu ke tsallaka titi. Ke kika ƙi yarda cewa baƙunta dalili ce ta naɗe hannu.

Yanzu 1989 ce, likita ya ce gwiwar ba za ta ƙara ɗaukar bene ba, uwarta kuma ta tsufa a Kagoro. Ta ajiye aiki, jirginta zai tashi kafin zaɓen bana. Pauline za ta zauna ta ƙarasa jami'a. Mun gode, Maman Pauline. Allah ya saka miki, ya ba ƙafafun nan hutu, ya sa ki tarar da Mama lafiya. Mu kuma da muka rage, mai takardar ƙasa ya je ya yi rajista, mai mota ya ba da safiya guda, wanda ba shi da ko ɗaya ya riƙe hannun wani tsoho zuwa bakin layi.

A liyafar sallama da aka yi mata a Lanham ranar Asabar, an ba ta makirufo ta yi jawabi. Ta ce ba ta iya jawabi ba. Sai ta zaro wata takarda mai sunayen tsofaffi ashirin da uku da take kaiwa wurin zaɓe, ta tambaya wa zai karɓa. Kowa ya shiga duban farantinsa. Can Dakta Maitama ya miƙe, ya zo ya karɓa da hannu biyu. Har ya juya, ta riƙo masa hannun riga.

"Ranka ya daɗe, na bakwai ɗin nan, Mista Jerome, kurma ne. Ranar zaɓe kada ka ƙwanƙwasa ka tafi ka ce ba ya nan. Yana nan. Zagaya ta baya ka buga masa taga, za ka same shi ya sa kwat ɗinsa tun safe yana jira."